Gaggafa da Kunnuwan Barewar Kauko

Dokar bukkar Oiva, can a dajin ƙanƙara na arewacin duniya, guda ɗaya ce, kuma duk wanda ya zo ɗaukar hoton gaggafa sai ya ji ta tun kafin ya sauke jakarsa. Da duhu ake shiga, da duhu ake fita. Tsakanin nan in fitsari ya matse ka, ga bokiti a lungu. In ƙafarka ta mutu don sanyi, ka murza ta a zaune. Gaggafa ta san mutum, ta san babur ɗin ƙanƙara, ta san makiyayi da karensa. Duk waɗannan tana hango su daga nesa, ta kauce, in sun wuce ta dawo. Abin da ba ta yafewa shi ne ta ga bukkar, akwatin katakon da ta ɗauka kututture ne, ya fito da mutum daga cikinsa. Ranar da ta ga haka ta bar wurin ke nan, kuma ba ta mantuwa.

Oiva ya sha wuya kafin ya samu wannan tsuntsuwa. Hunturu bayan hunturu yana jan mushe zuwa bakin fadamar nan, yana ɗaure shi da waya a jikin turke, yana zama cikin akwati kamar gawa. Shekarun farko hankaki kawai ya yi ta ciyarwa. Daga baya ta fara zuwa ta zauna can ƙetaren fadama a kan wani busasshen itace, ta yini tana kallo, ta tashi ba ta ci ba. Sai bara ta sauka. Babba ce, tsohuwa, gashin ƙeyarta kamar an shafa masa zinariya. Bana kusan kullum tana zuwa, kuma saboda ita ne mutane ke tasowa daga garuruwan kudu da kyamarori masu dogon baki su zauna a bukkarsa. Ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya, ba shi da barewa ko ɗaya, irin barewar ƙanƙarar da mutanen ƙasar ke kiwo kamar shanu. Gaggafar nan ita ce sana'arsa, ita ce kuma abin da yake tashi da safe dominsa.

Barewar kuwa ya taɓa samu. Da ubansu ya mutu ya bar musu garke, shi da ƙanwarsa Hilkka. Hilkka ta haɗa nata da na mijinta Kauko. Oiva ya sayar da nasa ya sayi katako da gilashi da kyamara. Tun ranar Kauko bai ƙara kallonsa a matsayin mutum ba. Da kuma ya ji cewa gaggafa yake kiwo, sai abin ya zama gaba ta sosai, don kowane makiyayi ya san abin da gaggafa ke yi wa 'ya'yan barewa da bazara, tun suna jiƙe daga cikin uwa. A wani taron suna Kauko ya ce masa a gaban mutane, "Ni in yi ta rainon maruƙa, kai kana ƙosar da mai cinye su." Oiva ya ajiye kofinsa ya fita. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

To, ana haka sai motar katako ta buge wata barewa a kan titi, can kusa da gada. Oiva ne ya fara isowa. Ya duba kunnuwanta, ya ga tsaga biyu a na dama da yanka ɗaya a bakin na hagu. Shaidar Kauko ce, ko a mafarki ya san ta. Al'adar wurin ba ta da wuya: wanda ya tsinci mushen barewa ya yanke kunnuwan ya kai wa mai ita hannu da hannu, don ya san tasa ta mutu, ya daina nema. In mai ita ya ce ɗauki naman, sai ka ɗauka. Amma mushen da aka gani ba kunnuwa, kuma mai shi bai karɓi komai ba, sunansa ɗaya a nan, sata. Ɓarawon barewa ne ke yanke kunne ya ɓoye.

Oiva ya yanke kunnuwan, ya sa a aljihun babbar rigarsa, ya ɗora mushen a amalanken da babur ke ja. Har ƙofar gidan Kauko ya je. Ya hango shi yana faskare a tsakar gida, da jar hular nan tasa. Ya tsaya yana tunanin yadda zai buɗe baki ya ce masa barka da aiki. Bakin ya ƙi buɗuwa. Ya ce a ransa gobe zai ba Hilkka in ya gamu da ita a kanti, ya murɗa babur ya wuce. Goben ta zo ta wuce, wata goben ma haka. Kunnuwan suka daskare a aljihu kamar busasshen ganye, mushen kuma yana ɗaure a gaban bukka.

Baƙon da ya zo a wannan makon sunansa Ilmo, likitan haƙori ne daga wani garin bakin teku. Mutum ne mai ƙiba, mai kirki, bakinsa ba ya hutawa. Abu biyu ya ce ya zo nema: gaggafa a kan ƙanƙara, da wutar dila, wato koren hasken nan da ke wasa a sama in sanyi ya tsananta. Suka shiga bukkar da fitilar goshi, suka kulle ƙofa ta ciki, suka kunna ɗan murhun gas. Kowa ya zura bakin kyamararsa cikin kafar da aka yi wa hannun riga na baƙin ƙyalle. A saman kafar akwai gilashi mai duhu, na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganin ciki.

"Maigida, ka tabbata za ta zo yau?" in ji Ilmo cikin raɗa.

"In ka yi shiru."

"Ai na yi shiru."

"Ba ka yi ba."

A wannan lokaci na shekara rana ba ta fitowa, leƙe kawai take yi. Gari ya yi shuɗi, sannan ya yi fari-fari. Kukeli suka fara zuwa, ƙananan tsuntsayen nan masu launin toka da jar wutsiya waɗanda ba su da kunya. Suka hau haƙarƙarin mushen suna tsattsagar kitse, ɗaya ma ya zauna a kan bakin kyamarar Ilmo yana leƙa ciki. Ilmo ya toshe bakinsa da safar hannu yana dariya. Bayansu hankaki suka sauko, suna tsalle gefe-gefe, suna zagin juna. Oiva ya ji daɗi. In hankaki suka ci hankali kwance, ita ma tana gani.

Can sai hankakin suka ɗaga kai gaba ɗaya. Oiva ya duba ƙetaren fadama. Ga ta nan a kan busasshen itacen, baƙa wuluk a jikin farin sama, ta kafa kai tana kallon mushen.

"Kada ka motsa kyamara," ya ce. "Ko ta sauka, kada ka motsa sai ta sa baki ta fara ci."

Ilmo ya gyaɗa kai.

A lokacin ne suka ji ƙarar babur.

Ƙarar ta taso daga cikin itatuwa ta yamma, ta yi ta matsowa. Hankaki suka watse. Babur ya fito fili yana feshin ƙanƙara, ya zagaye mushen, ya tsaya. Mutumin ya sauko, gajere, faffaɗa, da jar hula, da igiyar kamu rataye a kafaɗa. Oiva ya gane shi nan take.

"Wane ne?" in ji Ilmo.

"Mijin ƙanwata."

"Af, to ai ɗan gida ne."

Oiva ya koma ga gilashi. Idonsa na kan itacen ƙetare. Gaggafar ba ta tashi ba. Makiyayi ne a fili, ta saba da irinsa, jira za ta yi ya tafi.

Kauko ya durƙusa a kan mushen, ya share ƙanƙarar da ke kan barewar da hannu. Ya daɗe yana kallon inda kunnuwa ya kamata su kasance. Ya shafa wuyan, ya duba wani farin tabo a kafaɗa. Sannan ya miƙe ya nufo bukkar a hankali, ya tsaya dab da gilashi, ya gyara hularsa a ciki kamar madubi.

"Salamu alaikum, masu gida," ya ce. "Ko ba kowa? Hayaƙi dai na fita ta bututu. Suruki! Ranka ya daɗe sarkin hoto! Ga talakanka ya zo gaisuwa."

Ya ƙwanƙwasa katakon, ya ci gaba.

"Na yi ta neman wata uwar garke tawa mai farin tabo. Na bi kogi, na hau dutse, na ƙona mai kamar mahaukaci. Ashe tana nan ana ɗaukarta hoto. Sai dai na ga an yi mata aski. Wa ya yi mata askin, suruki?"

Oiva ya matso da bakinsa jikin katako. Daga wannan nisa gaggafa ba ta jin magana, ido ne abin tsoro. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Mota ce ta buge ta a gada. Kunnuwan suna aljihuna. Tafi, in duhu ya yi zan kawo maka har gida."

"A'a! Akwatin yana magana!" Kauko ya dafa ƙirji. "Suna aljihunka. Tun yaushe?"

"Na ce zan kawo."

"Tun yaushe, na ce? Naman nan hankaki sun kai ƙashi. Gidana ya yi ƙaura ne? Ko titin ne ya toshe?"

"Kauko, akwai baƙo a nan. Ka bar wurin nan."

"Sannu baƙo! Ka sha sanyi. Ka san naman wa kake ɗauka hoto? In ka koma gida ka rubuta a ƙasan hoton: barewar sata." Ya buga katakon da tafin hannu. "Fito ka ba ni kunnuwana a hannu, yadda ubanka ya koya maka. Ka fito da ƙafarka."

"Ka san ba zan fito yanzu ba."

"Na sani mana. Shi ya sa na zo yanzu."

Ya juya ya kalli ƙetaren fadama, ya ɗaga wa tsuntsuwar hannu kamar mai gaida maƙwabciya. Daga nan ya koma wajen baburinsa, ya sauke 'yan itatuwa da baƙar buta, ya tattake ƙanƙara, ya hura wuta tsakanin bukkar da mushen. Ya cika butar da ƙanƙara ya ɗora. Ya shimfiɗa fatar barewa ya zauna, ya zaro wuƙa yana yankar busasshen nama yana ci. Kukeli suka dawo suka kewaye shi, yana jefa musu.

Ilmo ya share zufa duk da sanyin. "Maigida, me zai hana in fita ni in yi masa magana? Ni ba ruwana da rigimarku."

"In ka taɓa ƙofar nan sai na karya maka hannu."

Ilmo ya janye hannunsa ya sa a cinya.

Kauko ya sha kofinsa a tsanake, yana magana da bukkar kamar mai hira da kurma. Ya ce ya ga maza iri-iri, amma bai taɓa ganin namiji mai furfura da ke yini cikin akwati yana fitsari a bokiti don tsuntsu ya ji daɗi ba. Ya ce bara maruƙansa nawa aka tsinta an huda musu baya, ya lissafa uwayensu da sunayen da yake kiransu. Ya ce tsohon, wato uban Oiva, da hannunsa ya taɓa kama ɓarawon kunne a shingen da ake tara barewa, ya sa aka kore shi daga gundumar, har yau jikokin mutumin ba sa iya sayen burodi a kanti ba a nuna su da baki ba.

"Ga shi yau ɗansa na cikinsa," in ji Kauko. "Da yana raye da kunya ta kashe shi. Gara da ya riga ya tafi."

Oiva ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Yana kallon hasken da ke kan ƙanƙara, ya fara komawa ruwan hoda. Yinin nan gajere ne. In ya daure kaɗan, duhu zai rufe, gaggafar za ta tafi makwancinta, shi kuma ya fito ya yi da Kauko duk abin da za a yi.

Kauko ma ya ga hasken. Ya zubar da sauran kofin a wuta, ya miƙe, ya ɗauko gatari daga amalankensa. Ya je ya taka wuyan barewar ya fara sara. Naman ya daskare kamar itace, sai da ya yi ta bugu yana nishi kafin kan ya rabu. Ya ɗaga shi ta ƙaho ya kawo gaban gilashi.

"Ka ga wannan? Yau ana rarraba garke a babban shinge, kowa na can, har shugaban makiyaya. Yanzu zan kai shi in ɗora a kan teburin da ake shan kofi. Ba zan ce komai ba, kan zai yi magana. Hilkka ce ke dafa musu miya yau, ita za ta fara gani."

"Kauko."

"Na'am, suruki?"

"Na rantse maka suna aljihuna."

"Na ɓarawo ma a aljihu suke zama."

Ya ɗaure kan a amalanke, ya hau babur, ya kama igiyar tayarwa. Oiva ya san mutanen shingen nan ɗaya bayan ɗaya. In kan nan ya hau tebur, ko ya kai kunnuwan da yamma cewa za a yi don an kama shi ne. Ba wanda zai ƙara kiransa in mota ta buge barewa, ba wanda zai bar bukkarsa a makiyaya, sunan kuma ya bi shi har kabari. Sai wata dabara ta zo masa, irin wadda ke zuwa wa mutum in an matse shi.

"Tsaya!" ya ce da ƙarfi. "Zo nan. Zan miƙo maka ta kafar kyamara. Amma ka tsaya a gaban kafar, ka rufe ta da jikinka, kada ta gani."

Kauko ya saki igiyar. Ya juyo ya kalli bukkar. "To," ya ce. "Haka ma ya yi."

Ya tako ya tsaya a gaban kafar, faffaɗan jikinsa ya tare hasken duka. Oiva ya janye kyamararsa a hankali ya miƙa wa Ilmo. Ya cire safar hannu da haƙori, ya lalubo kunnuwan, ya zura hannunsa tsirara cikin baƙin ƙyallen har ya ji iskar waje ta cije shi.

"Karɓi."

Kauko ya karɓa da hagu. Da dama kuma ya cafke wuyan hannun Oiva, irin kamun da yake yi wa ƙafar barewa a shinge, ya fizgo shi waje har kafaɗa. Fuskar Oiva ta bugi katako. Sannan Kauko ya matsa gefe guda, ya ɗaga hannun sama, farin hannun mutum yana fitowa daga jikin baƙin akwati, ya shiga kaɗa shi.

"Gaishe ta mana," ya ce. "Yi mata sannu da zuwa. Ai ba ku taɓa gaisawa ba."

"Sake ni! Shege, sake ni!"

Oiva yana ja, yana dukan bango da gwiwa, bukkar duka tana girgiza, ƙanƙarar rufin tana zubowa. Ta gefen gilashi, da ido ɗaya, ya hango itacen ƙetare. Gaggafar ta miƙe tsaye, ta miƙa wuya. Ta daɗe a haka. Sannan ta buɗe fukafukai, ta saki reshen, ta juya baya ta bi saman itatuwa, ba gaggawa, har ta shige.

Kauko ya sake shi.

Oiva bai san lokacin da ya zare sakatar ƙofa ba. Ya fito a guje ya afka wa Kauko da ka, suka zube cikin ƙanƙara. Faɗan tsofaffi ne cikin manyan riguna, naushi ba ya isa jiki, sai kokawa da nishi da zagi. Suka birgima cikin tokar wutar, butar ta kife. Oiva ya samu ya hau kansa, ya kai masa ɗaya a baki da hannun nan da ba safa, ya ji wani abu ya karye, bai san ko yatsansa ne ko haƙorin Kauko ba. Ashe duka biyun ne.

"Ku bari! Don Allah ku bari!" Ilmo ya fito yana tuntuɓe, ya rungumo Oiva ta baya ya janye shi.

Kauko ya zauna, ya tofar da jini a kan farar ƙanƙara, ya sa harshe yana lalube.

"Bawan Allah, ni likitan haƙori ne," in ji Ilmo. "Buɗe in gani."

"Je ka duba na uwarka."

Ya tashi, ya kakkaɓe jiki, ya tsinci kunnuwan inda suka faɗi. Ya buɗe su a tafin hannu, ya duba tsagar, ya sa a aljihu. Ya kwance kan barewar daga amalanke ya jefar da shi a gaban Oiva.

"Na karɓi kunnuwana. Naman na ba ka, ka ci da hankakinka." Ya ɗauki hularsa. "Da ka tsaya a ƙofata ranar nan ka ce, Kauko ga kunnuwan barewarka, da na ce ɗauki mushen. Ko kare na ba shi, balle yayan matata."

"Ƙarya kake. Da ka samu wata hanyar."

Kauko ya ɗan yi tunani. "Wataƙila," ya ce. Ya tayar da babur ya tafi.

Duhu ya same su a nan. Ilmo ya ɗaure wa Oiva yatsan da tsinke da ƙyalle, yana ta ba shi haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ko lokacin abincin yamma bai yi ba sai sama ta buɗe. Wutar dila ta taso daga arewa, koriya shar, ta miƙe bisa fadamar kamar an shanya zane, gefenta yana yin ja, tana naɗewa tana warwarewa. Ilmo ya manta da komai. Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, yana ɗauka yana ihu, yana kiran sunan matarsa da ba ta nan.

"Maigida, dubi! Dubi can! Kai, ko wannan kaɗai na samu ai tafiyata ta biya!"

Oiva yana zaune a bakin ƙofar bukkar, ya sa hannun cikin riga. Koren hasken yana kwance a kan ƙanƙara, a kan haƙarƙarin mushen, a kan takalmansa. Ya ce wa Ilmo ya rufe bakin kyamarar in ya gama, kada ya shiga ɗaki mai ɗumi da ita a buɗe, raɓa za ta cika ta. Abin da ya ce ke nan har suka koma.

Ilmo ya tafi da hotunan kukeli da na sama. Oiva ya kira sauran waɗanda suka yi alkawarin zuwa ya ce kada su zo. Shi kaɗai ya ci gaba da shiga bukkar, ko da ya san abin da ya sani. Ya samo sabon mushe daga wani mai kiwon tumaki. Hankaki suka ci, kukeli suka ci, wata dila ma ta zo ta ja rabonta. Itacen ƙetare ya zauna ba kowa. Sau ɗaya, da rana ta fara daɗewa a sama, ya hango gaggafar can ƙololuwa tana wucewa. Ta bi ta saman fadamar, ga nama a fili, ko karkata fiffike ba ta yi ba.

Washegari ya zo da guduma da abin cire ƙusa. Yana cikin ɓamɓare rufin sai ga Hilkka a kan baburin mijinta. Ta sauko da ƙunshi a hannu, ta tsaya tana kallon katakon da ya jera a amalanke.

"Yaya, ga burodi na gasa maka."

"Ajiye can."

"Ku biyun nan kun ishe ni. Shi yana can yana shan miya da gefen baki, kai kana nan da karyayyen yatsa. Tsofaffin banza kawai. Wa ya hana ka kawo mini kunnuwan ni?"

Oiva ya zare wata ƙusa ya jefa a gwangwani.

"Tsuntsuwar ba za ta dawo ba ne?" ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Ba nan ba."

"To in ka kafa a wani wurin, shekara nawa kafin wata ta saba?"

"Ban sani ba."

"Da wannan gwiwar taka? Haba yaya. Ka zo ranar Lahadi ka ci abinci, ku zauna ku yi magana kamar mutane."

"Ki ce masa na gode."

Ya ɗora gilashin a saman katako, ya naɗe shi da bargo, ya ɗaure da igiya yana ja da haƙori saboda yatsan. Inda bukkar take sai wani baƙin murabba'i a cikin ƙanƙara, da bokiti a gefe. Ya ɗauki bokitin ya rataya a bayan amalanke. Burodin ma ya ɗauka ya cusa cikin riga.

"Ina za ka kai bukkar?" in ji Hilkka.

"Inda mijinki bai sani ba."

"Babu inda bai sani ba a dajin nan."

Oiva ya ja igiyar babur, bai tashi ba. Ya sake ja, ya tashi. Ya bi gefen fadamar ya nufi arewa a hankali, katakon yana ƙara a bayansa.